Yadda ake gardamar labaran komik a majalisa ba tare da an tashi baram-baram ba

A majalisun samari cikin Sakkwato, daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo, har ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gardamar jaruman komik ta samu wurin zama kusa da gardamar ƙwallo. Komik su ne littattafan nan da ake jera labari da zane gida-gida, maganar kowa tana cikin 'yar da'ira a saman kansa. Kamfanoni biyu na Amurka ke riƙe da manyan jaruman: Spider-Man da X-Men da Black Panther na Marvel ne, Superman da Batman na DC. Gardamar tana da daɗi kuma ta cancanci a yi ta da kyau, domin labaran nan sun haura shekara tamanin ana rubuta su, wannan ya ajiye alƙalami wancan ya ɗauka.

Abin da ke kashe ta shi ne zuba tambayoyi uku a tukunya ɗaya. Me ya faru a shafi? Wa ya yanke cewa hakan zai faru? Ya yi kyau ko bai yi ba? Ta farko da ta biyu hujja ce ke raba su, ta uku kaɗai ce ta ra'ayi. Duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne don a raba ukun nan, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tsayar da batu mako guda kafin zama

"Marvel ko DC, wa ya fi?" ba batu ba ne, kogi ne marar gaɓa. Batu mai kyau yana da sunan labari, da shekararsa, da jumla guda wadda mutum zai iya cewa na yarda ko ban yarda ba. Misali: "Soke auren Spider-Man a 2007 kuskure ne." Ko kuma: "Da an bar Jean Grey ta X-Men da rai a 1980 da labarin ya lalace."

A duba yawan karatun kafin a amince. Fitowa ɗaya ta komik tana ɗauke da shafi ashirin zuwa ashirin da biyu na labari, galibi sau ɗaya a wata. Cikakken labari yakan ci fitowa huɗu zuwa shida, wato shafi 80 zuwa 130. Mai matsakaicin Turanci zai gama fitowa ɗaya a minti ashirin idan bai yi gaggawa ba. Kada a wuce fitowa shida a zama ɗaya, don mutum biyu ne kawai za su karanta, sauran su zo da jita-jita. Crisis on Infinite Earths, wani babban labarin DC, fitowa goma sha biyu ce, sai a raba ta zama biyu. Labarin kwafin Spider-Man da aka yi ta ja daga 1994 zuwa 1996 kuwa a bar shi tukuna, ya warwatsu a cikin mujallu da yawa, babu mai haɗa shi a mako guda.

Littafin takarda yana da wuyar samu a nan, saboda haka waya ce madogara. A sauke shafukan tun da rana inda akwai sabis da caji, kada a bari sai an zauna. Idan shafi biyu suka haɗu suka zama zane ɗaya, a kwantar da wayar a gicciye, in ba haka ba rabin abin da ya faru zai ɓace.

Lamba ba ta isa, sai da shekara

Nan ne kuskuren farko yake, kuma yana da sauƙin magani. Kamfanonin nan suna yawan mayar da lissafi zuwa lamba 1 don jawo sababbin masu saye. Amazing Spider-Man ya fara a 1963, an sake farawa daga 1 a 1999, da 2014, da 2015, da 2018, da 2022. Wanda ya ce "lamba 26" bai faɗi komai ba sai ya ƙara shekara. Haka kuma kwanan watan da ke bangon littafi yakan riga ranar fitowa da kimanin wata biyu. Superman lamba 75, inda aka kashe shi, ya shiga kasuwa a Nuwamban 1992, amma bangonsa na ɗauke da Janairun 1993. Mutum biyu za su iya kwashe rabin sa'a suna musu a kan shekarar, alhali duka biyun suna da gaskiya.

Sai a tambayi wace duniya ake magana. Babban tarihin Marvel shi ake kira duniya ta 616. Akwai kuma duniyar Ultimate da aka buɗe a 2000, inda Miles Morales ya fito a 2011. Finafinai duniyarsu daban. DC kuwa sake lale take yi gaba ɗaya: ta yi a 1985 zuwa 1986 da Crisis, ta sake a Satumban 2011 lokacin da ta fito da mujallu 52 duk daga lamba 1, sannan a 2016 ta fara dawo da wasu abubuwan da ta zubar. Hujja daga 1970 ba lallai ta yi aiki a kan Superman na 2012 ba.

Ga yadda abin yakan kasance a bakin teburin mai shayi idan aka zo kan Thanos, wani mugu a labaran Marvel. Ɗaya ya buga benci ya ce, "Thanos ai don abinci ya ishi kowa ya hallaka rabin halitta." Na kusa da shi ya ajiye kofi: "Wa yac ce maka haka, yaya? Don ya burge Mutuwa ya yi, tana tsaye a gabansa cikin siffar mace." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farko fim ɗin 2018 yake faɗi, na biyu littafin 1991 wanda Jim Starlin ya rubuta. Da mai raba gardama ya tambaya tun farko, "Fim ko littafi?" da ba a kai ga ɗaga murya ba. Irin wannan ne da Civil War, labarin da jaruman Marvel suka yaƙi juna: a littafin 2006 rigimar ta tashi ne kan dokar da ta tilasta wa jarumai yin rajista bayan wata fashewa a garin Stamford, a fim ɗin 2016 kuwa an gina ta kan wata yarjejeniya ta daban da kuma batun Bucky, abokin Captain America.

Shafin sunaye: wa ya yanke hukunci

Wannan shi ne ƙashin bayan gardamar, kuma shi aka fi tsallakewa. A farkon kowace fitowa ko ƙarshenta akwai wurin da aka jera sunayen ma'aikata: marubuci, mai zanen fensir, mai bi da tawada, mai launi, mai rubuta haruffa, sannan edita, da babban edita. A karanta shi da ƙarfi a farkon zama. Jaruman nan ba na marubuta ba ne, dukiyar kamfani ce. Tun 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman a kan dala 130, kuma har gobe marubuci ɗan kwangila ne, ba zai kashe babban jarumi ko ya aurar da shi ba sai edita ya sa hannu. Don haka kafin a ce "marubucin nan ya ɓata labari", a bincika ko ma shi ne ya so hakan. Hannaye biyar ke iya juya labari: marubuci, mai zane, edita, masu lissafin kasuwa da finafinai, da masu karatu kansu. Ga misalan wasu daga cikinsu da aka tabbatar.

Na edita, babu wanda ya kai labarin Jean Grey fitowa fili. Chris Claremont da John Byrne ne ke yin X-Men a 1980. A lamba 135 Jean, wadda ƙarfin Phoenix ya rinjaya, ta cinye wani tauraro, duniyar da ke kewaya shi ta ƙone da mutanenta biliyan biyar. Shirin masu labarin shi ne a ƙarshe a cire mata ƙarfin ta koma gida. Jim Shooter, wanda ya riƙe kujerar babban editan Marvel daga 1978 zuwa 1987, ya ƙi. Hujjarsa ita ce wadda ta kashe al'umma guda ba za a sallame ta haka kawai ba. Aka sake ƙarshen, a lamba 137 ta halaka kanta a duniyar wata. Abin da ya sa wannan misali ya fi kowanne amfani ga majalisa shi ne Marvel ta buga ainihin ƙarshen farko a 1984, don haka ana iya ajiye biyun gefe da gefe a karanta. A ganinmu Shooter ya yi daidai, mutuwar ce ta ba labarin nauyinsa. Wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar masu ɗaukar cewa duk sa bakin edita ɓarna ne. Inda aka yi ɓarnar shi ne bayan kimanin shekara biyar, da aka buƙaci Jean don sabuwar mujallar X-Factor, sai aka ce ai wadda ta mutu ba ita ba ce, kwafinta ne, ita tana kwance a ƙarƙashin ruwa kusa da New York. Wannan shi masu abin ke kira retkon, wato komawa baya a yi wa tarihi kwaskwarima. Idan retkon ya shigo gardama, a ware shi: hukuncin 1980 daban, na dawowa daban, kuma dalilansu ba ɗaya ba ne.

Na kasuwa da talabijin, a duba mutuwar Superman. Marubutan sun shirya aurar da Clark Kent, wato Superman, da Lois Lane, sai aka dakatar da su saboda ana shirya wasan talabijin a kan su biyun, ana so auren ya zo lokaci ɗaya. Shirin shekara guda ya rushe, suka cike gurbin da kashe shi a ƙarƙashin edita Mike Carlin. Ya dawo a 1993, aure kuma sai 1996 aka ɗaura, a littafi da talabijin tare.

Na masu karatu ya fi kowanne ban mamaki. A 1988 DC ta ba da lambobin waya biyu, kowane kira senti 50, a zaɓa ko Jason Todd, Robin na biyu, wato yaron Batman, ya rayu ko ya mutu bayan dukan da Joker ya yi masa. Edita Dennis O'Neil ya sa mai zane Jim Aparo ya shirya ƙarshe iri biyu. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Tazarar 72 ce cikin 10,614. Wanda ya ce "duk masoya sun tsane shi" sai a nuna masa wannan lissafi, don kusan rabin masu kira sun so ya rayu. An dawo da shi a 2005 da sunan Red Hood.

Akwai kuma inda ba a da takarda a hannu, sai alamu. Kamala Khan, wato Ms. Marvel, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City, ta samu mujallarta a 2014 daga hannun marubuciya G. Willow Wilson da edita Sana Amanat. A Mayun 2023 aka kashe ta a Amazing Spider-Man lamba 26, mujallar da ba tata ba. A Yulin shekarar aka dawo da ita a matsayin ɗaya daga jinsin X-Men, abin da wasan talabijin ɗinta na 2022 ya riga ya yi ishara da shi, kuma fim ɗin da take ciki ya fito a Nuwamba. Jerin kwanakin nan yana nuna hannun masu finafinai, kuma ya halatta a kawo shi. Amma mai kawowa ya faɗi da bakinsa cewa alama ce yake karantawa. A majalisa a riƙa raba hujjoji gida uku: abin da ke shafi, abin da wani ma'aikaci ya faɗa a bainar jama'a da sunansa, da abin da aka hango daga alamu. Na farko ya fi na biyu ƙarfi a kan me ya faru, na biyu ya fi a kan wa ya yanke, na uku kuma ba ya rushe ɗayansu. A garin da aka saba tambayar malami "a wane littafi?", wannan ba baƙon abu ba ne.

A kalli zanen, ba maganar kaɗai ba

Komik rabinsa zane ne, kuma wani lokaci hukuncin yana cikin ɗan abin da ido ke tsallakewa. A buɗe Amazing Spider-Man lamba 121 na 1973, wanda Gerry Conway ya rubuta, Gil Kane ya zana. Mugu Green Goblin ya ture Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, daga saman gada. Spider-Man ya harba zarensa ya kama ta a ƙafa, jikinta ya tsaya cak a iska, kanta ƙasa. A buɗa gidan zanen da yatsu biyu a duba kusa da wuyanta: akwai 'yar ƙaramar kalma ta sautin karyewa. Shi yana murna yana jawo ta, bai san ta riga ta cika ba. Goblin ya ce faɗowar ce ta kashe ta. To maganar mugu za a ɗauka ko sautin da ke kusa da wuya? Bayan fitowa huɗu, a shafin wasiƙun lamba 125, Marvel ta rubuta cewa fizgar da zaren ya yi ce ta karya wuyanta. Ga hujja iri biyu sun haɗu, shafi da bakin kamfani. A wannan labarin ma rubutu ya kira gadar George Washington alhali zanen gadar Brooklyn ne, daga baya aka gyara a sake bugu. Idan wayoyi biyu suka nuna suna daban, ba wanda ya yi kuskure, bugu ne ya bambanta.

Dalilin irin wannan saɓani shi ne salon aikin Marvel na da: marubuci ya ba da taƙaitaccen labari, mai zane ya tsara shafukan yadda ya gani, sannan a dawo a cusa magana. Shi ya sa har yau ake musun rabon marubuci Stan Lee da na masu zane Jack Kirby da Steve Ditko a ƙirƙirar jaruman Marvel. A DC ma sai 2015 aka fara sa sunan Bill Finger a matsayin abokin ƙirƙirar Batman, jarumin da ya fito tun 1939.

Zaman kansa

Mutum shida zuwa takwas sun isa. Fiye da haka majalisa na rabuwa gida biyu, kowa da nasa surutu. A zaɓi mai raba gardama wanda ya karanta labarin amma ba zai ɗauki ɓangare ba a ranar, kuma a riƙa juya kujerar mako-mako, kada ta zama ta babban yaya kullum, domin ƙanne ba sa iya ce masa ya yi kuskure. Tsakanin La'asar da Magariba lokaci ne mai kyau saboda kiran salla na rufe zaman da kansa. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, gara bayan Isha'i.

Sa'a ɗaya da rabi ta wadatar. Minti goma na farko mutum ɗaya ya ba da labarin tsurarsa, babu yabo babu suka, sauran su gyara masa da shafi a hannu. Minti goma sha biyar na gaba a karanta sunaye a tsayar da wanda ya yanke hukunci. Sai a ba kowane ɓangare minti biyar ba katsewa, sannan a buɗe fili. Ƙa'ida ɗaya ce ba a sassauta ta: kafin ka soki maganar abokinka, ka maimaita ta har ya ce "awo, haka nike nufi." Rabin rigima a nan take mutuwa.

A ɗauki batun auren Spider-Man a ga yadda tsarin ke aiki. Abin da ke shafi: Peter Parker, wato Spider-Man, ya auri Mary Jane a 1987. A 2006 ya cire abin rufe fuskarsa a gaban duniya, maƙiya suka san gidansa, harsashin da aka nufe shi da shi ya samu gwaggonsa May wadda ta rene shi. A labarin One More Day na 2007, fitowa huɗu, Mephisto, wanda ke matsayin shaiɗan a duniyar Marvel, ya ce zai ceci tsohuwar idan suka ba shi aurensu, a goge shi kamar ba a taɓa ɗaurawa ba. Suka yarda. Wanda ya yanke: Joe Quesada, babban edita daga 2000 zuwa 2011, wanda shi ne ma ya zana labarin da hannunsa. Ya daɗe yana faɗi a fili cewa aure ya tsufar da jarumin, kuma saki ko mutuwar mata za su ƙara tsufar da shi. Marubucin, J. Michael Straczynski, ya bayyana cewa bai gamsu da yadda aka ƙare ba, har ya yi tunanin cire sunansa daga fitowa biyu na ƙarshe. Duk wannan ba abin ƙuri'a ba ne.

Sai a zo ga ra'ayi, kuma a nan ma tambaya biyu ce. Shin Spider-Man marar aure ya fi? Shin hanyar da aka bi ta dace? Mai kare Quesada yana da abin faɗi a ta farko: yaron da zai fara karatu bana yana son jarumi mai fama da kuɗin haya da neman aure, kuma kamfani na tunanin shekara talatin masu zuwa. Mai suka zai kawo mujallar Ultimate Spider-Man da Jonathan Hickman ya fara a Janairun 2024, inda Peter ke da mata da 'ya'ya biyu, kuma masu karatu suka karɓe ta hannu bibbiyu. A ta biyu kuwa, mu dai ba mu ga yadda za a kare hanyar ba. Jarumin da aka gina tun 1962 a kan ɗaukar alhakin abin da ya aikata, shi ne ya tona asirin kansa, sakamako ya zo, sai ya ƙi karɓar ƙaddara ya je ya yi ciniki da shaiɗan, kuma labarin ya wuce kamar ya ci riba. Wannan ya saɓa wa halin da aka san shi da shi, kuma mai karatu a nan ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya ji nauyin abin. Mutum na iya yarda da Quesada a tambaya ta farko ya ƙi shi a ta biyu. Idan ba a raba su ba, irin wannan mutumin ba ya samun wurin tsayawa, sai a tura shi ɓangaren da ba nasa ba.

Tunda maganar ta taɓo nan: labaran nan cike suke da alloli na tatsuniyar Turawa da matattu masu dawowa. Ƙagaggen labari ne, a tattauna shi a haka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wani batu ba a girmama shi a canja, kuma mai raba gardama ya tsayar da duk wanda ya fara auna imanin ɗan'uwansa da jarumin da yake so.

Abubuwan da ke ɓata zama

Hukunci da shafi ɗaya. A Mayun 2016 hoton Captain America yana furta mubaya'a ga ƙungiyar Hydra, miyagu masu alaƙa da mutanen Hitler, ya zagaya duniya. Fushin yana da tushe, domin Joe Simon da Jack Kirby, Yahudawa biyu, su suka ƙirƙire shi, kuma bangon fitowarsa ta farko yana naushin Hitler ne. Amma fitowa ta biyu, bayan wata guda, ta nuna cewa an sauya masa tarihi ne da wani ƙarfin sihiri. Ana iya ƙin labarin bayan an karanta shi, sai dai wanda hoton allo kaɗai ya gani ba shi da ƙuri'a. Labarin da bai ƙare ba ma kada a sa shi batu.

Taƙaitawar bidiyo da fassara. Mai taƙaita labari a YouTube ko TikTok yana haɗa ra'ayinsa da labarin ba tare da ya raba ba. Finafinan da aka fassara da Hausa kuma mai fassara yakan ƙara barkwanci, ya laƙaba suna, ya sauya magana don ta yi daɗi a kunne. Suna da amfani wajen jawo sha'awa, amma ba a kafa hujja da su.

"Wa zai ci wani?" Wannan tambayar ba ta da amsa a cikin labari, amsarta na hannun mai alƙalami. A 1996 da kamfanonin biyu suka haɗa jarumansu faɗa, karawa biyar ƙuri'ar masu karatu ce ta raba su, har Storm ta doke Wonder Woman, Wolverine ya doke Lobo. Farin jini aka auna, ba ƙarfi ba. Faɗan Batman da Superman na 1986 da ake yawan kawowa kuma ba a cikin babban tarihin DC yake ba, kuma Superman ya shiga shi ne bayan bam ɗin nukiliya ya raunana shi, ga kibiyar kiriftonayit, dutsen da ke karya ƙarfinsa, da Green Arrow ya harba masa. Idan majalisa na son irin wannan, a ba shi minti goma na ƙarshe a matsayin nishaɗi, a faɗi sharaɗi tun farko: wane zamani na jarumin, da shiri ko ba shiri, a wane fili.

Tona ƙarshen labarin da ba shi ne batun rana ba. Wanda zai kawo misali daga wani labari ya tambaya tukuna ko kowa ya karanta.

A ƙarshen zama ana ɗaga hannu a kan tambayar ra'ayi kaɗai. A samu littafin rubutu mai shafi arba'in, kowane zama shafi ɗaya: kwanan wata, batu, mujalla da lamba da shekara, wanda ya yanke hukunci da irin hujjar da aka samu, sai yawan hannaye. Abin da aka kasa tabbatarwa a rubuta shi a ƙasan shafi da sunan wanda zai nemo, ya zama abin farko da za a buɗe zama na gaba da shi. Kafin a watse a tsayar da batun mako mai zuwa, kuma wanda ɓangarensa ya sha kaye shi ke da zaɓi.